Shekarar da Na Saka Kwamfuta a Firji

Fa'iza da Mahmud, akwai maganar da kuka taso kuna ji a danginmu har ta zauna muku daram, wato cewa Baffanku Nasiru ne ya salwantar da muryar Inna. Kun ji ta a bakin Gwaggonku Bilki, kun ji ta a wajen biki da suna, ku kanku kun sha tsokanarsa kuna ce masa Injiniya mai gyaran gangar Auzinawa. Ranar sunan ɗanki, Fa'iza, na ji mijinki ma ya ɗauka, shi da bai taɓa ganin Inna ba. Baffanku ya yi dariya tare da kowa, ya ci gaba da cin wainarsa. A wurin na gane cewa in ban rubuta ba, ƙaryar za ta riga gaskiya isa kunnen jikokina. Don haka a wannan babin ba za ku ga jerin makarantun da na koyar ba. Shekara ɗaya ce a Dubai, da wata tsohuwar kwamfuta baƙa, da wani ciwo da nake ɗauke da shi tun kafin a ƙera ta.

Ni ne ɗan farin Inna. Ku da uwarku ke ƙwala wa kira daga kicin har bakin titi ba za ku san nauyin wannan ba. A wajen matan zamanin Inna, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a nuna an damu ko ya ci ko bai ci ba. Kara ce, ba ƙi ba. Na girma ina amsa "kai", ina amsa "wannan", in magana ta matsa mata ƙwarai ta ce "Malam". Nasiru kuwa auta ne, shekara goma sha biyu tsakaninmu, sunansa a bakinta kamar goro. Nasiru zo, Nasiru ka ci, Nasiru hannunsa da albarka, wai don ya taɓa kwance rediyon Baba ya mayar, ta koma kama tasha biyu maimakon uku. Al'adar nan na san ta sarai. Na koyar da ita a aji, na rubuta "alkunya" a allo na ja mata layi biyu, na ba ɗalibai maki a kanta. Amma sanin sunan cuta bai taɓa sauke wa kowa zazzaɓi ba.

Da na ajiye alli na zo Dubai, aikin da na samu a wani ofishin kago ne a Al Muraqqabat, inda 'yan kasuwar Kano ke tara kayansu kafin a loda a kwantena. Ni ke rubuta musu wasiƙu, ni ke yi musu tafinta, ni ke nemo lafazi mai ladabi da za a gaya wa wani cewa kayan da ya aiko ba su ne aka gani a hoto ba. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana warware karin magana ya koma rubuta sunan Alhaji wane a jikin katan. Muna zaune a Al Nahda, hawa na shida, daga baranda kana hango motocin Sharja sun yi layi kamar tururuwa. Bayan shekara huɗu na jawo Nasiru. Ni na nema masa biza, a falona ya kwana wata bakwai, ni na nuna masa yadda ake shiga metro ba tare da an faɗa taragon mata ba. Kafin shekara biyu ya samu aikin kula da kwamfutocin wani katafaren sito a Al Quoz, ya sayi mota, ya kama gidansa. 'Yan kasuwar da ke ce mini Malam Kabiru suka koma ce mini yayan Injiniya. Nakan yi murmushi. Murmushin da bai kai ciki ba rabin aikin koyarwa ne, kuma ni na ƙware.

A shekarar da nake ba ku labari, muka kawo Inna a duba mata gwiwa. Wata uku ta yi, a gidana, tunda ni ne babba. Likita ya hana ta yawo, zafin gari ya hana ta baranda, sai zama. Kullum in na dawo bayan la'asar sai in ajiye wayata a gabanta, in ce ta ba ni labari in ɗauka. Ranar farko ta dubi wayar, ta dubi bango.

"Me za ka yi da surutun tsohuwa?"

"Ajiya, Inna."

"Ajiyar da ba a ci ba a sha. To kunna."

Da ta fara kuwa ba ta tsaya ba. Ta ba da labarin kakanmu marini, da yadda yake gane baban rini ya nuna a karofi daga warinsa kawai. Ta rera waƙoƙin daka da na niƙa waɗanda ban sake jin su a bakin kowa ba. Ta jero dangi har kaka na biyar, da wanda ya auri wa, da wanda ya tafi Makka a ƙafa ya tsaya a Sudan ya manta da sauran hanyar. Wata rana ta sa na ɗauki nasiha ta musamman ga Safiya, 'yar Gwaggonku Bilki, ta ce a ajiye sai ranar aurenta, ko tana nan ko ba ta nan. Duk sanda wayar ta cika sai in juye a kwamfutata, in goge na wayar. A karo na farko a rayuwata ina riƙe da wani abu na Inna wanda Nasiru ba shi da shi. Sai dai ko a nan bai bar ni ba. Tana tsakiyar labarin wata yunwa da aka yi tana yarinya, da ta ji ƙarar lif sai ta dakata ta ce, Nasiru ne? Tana yabon basirar kakanmu sai ta ce ai Nasiru ya ɗauko shi. Yana can Al Quoz cikin sitonsa, amma babu faifan da bai shiga ba.

Shi kansa ya taɓa yi mini maganar ajiyar, ranar da muka dawo daga raka Inna filin jirgi.

"Yaya, kawo in juye maka su a wuri biyu. Abu ɗaya a wuri ɗaya ba ajiya ba ce."

"Sai na gama tacewa."

"Tace me? Ai Inna ba ta kuskuren nahawu."

Ya yi dariya, na yi irin murmushin nan nawa. Inna ta koma Kano, azumi ya zo ya wuce, kafin babbar sallah Allah ya karɓi abarsa.

Bayan mun dawo daga zaman makoki na fara tacewar. Da gaskiya na fara, Allah ya sani. Na koyi wata manhajar yanka murya, ina cire tari, da ƙarar esi, da ƙarar kwanukan uwarku. Sai wata yamma na iso wurin "Nasiru ne?", na ce wa kaina ai wannan yana katse labari, na yanke. Labarin kuwa ya miƙe sumul. Na yanke na biyu. Kafin wata ya ƙare na daina neman dalili, da na ji sunan sai hannuna ya tafi da kansa. In na gama faifai sai in ajiye gyararren a kan na asali, don kada a wayi gari da iri biyu wani ya gwada. Abu ɗaya ne hannuna ya ƙi, wato shafe muryar uwata gaba ɗaya. Don haka duk guntun da na yanke sai in tura shi wani ɗan katin memori da ke maƙale a gefen kwamfutar. Na sa wa wurin suna Dusa, abin da ake bakacewa a zubar wa awaki. Mutum mai digiri a adabi, da furfura a gemu, yana zaune a kan kafet yana korar ƙaninsa daga bakin mahaifiyarsu da ta rasu. Na rubuta jimlar nan na karanta sau uku, ban samu kuskure a cikinta ba.

Ana nan sai wata Juma'a Nasiru ya zo cin abinci kamar yadda ya saba, da sabuwar kwamfuta a jaka, siririya, fara ƙal. Ya buɗe ta a kan tebur, uwarku Hajara ta ajiye ludayi ta zo kallo. Kun san ba sa haɗuwa ba su taɓa juna da wasa ba.

"Injiniya, wannan kwamfuta ce ko faranti? Ko numfashi ba ta yi."

"Sabuwar babbar manhaja ce a kanta, Anti. Kin ga kafin ki ƙifta ido ta tashi."

"To ka ɗora wa ta yayanka mana, ko ta daina yi mana tari da asuba."

"A'a. Yaya, don Allah kar ka ɗora wa taka wannan. Ba za ta iya ɗauka ba. Ta kwana biyu, ka bar ta da abin da ta saba."

Babbar manhaja ita ce hedimastan kwamfuta, ita ke cewa wane ya shiga aji, wane ya fita, kuma sabon hedimasta yakan zo da ayyukan da tsofaffin malamai ba su da ƙarfinsu. Shawara ce mai kyau, an ba da ita kyauta cikin ladabi. Da mai shayin ƙasan gidanmu ne ya ba ni, da na karɓa na gode. Amma Nasiru ne ya faɗa, a gaban matata, a kan teburina, bakinsa cike da shinkafata.

Washegari na ɗauki kwamfutar na kai wani shago kusa da tashar Al Rigga. Mai shagon dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Ya juya ta, ya karanta bayanta, ya girgiza kai.

"Habibi, wannan ta tsufa. Za ta yi zafi."

"Za ta hau ko ba za ta hau ba?"

"Za ta hau, amma shuwayya shuwayya, a hankali za ta riƙa tafiya. Ka kwashe kayanka a wani wuri?"

"Na kwashe. Yalla."

Ban kwashe ba. Shi ne mutum na biyu da ya gaya mini, kuma da ya zama na farko da wataƙila na ji.

Kwana biyu ta yi tana burge ni. Fuska sabuwa, launuka sababbi, har na riƙa barin ta a buɗe a falo ko wani zai lura. A rana ta uku fankar cikinta ta fara kuka, ba irin tarin da ba, wani gurnani kamar injin markaɗe ya samu wake. Gindinta ya riƙa ɗaukar zafin da za a iya goge wuyan riga da shi. Da na buɗe manhajar yanka murya, kwatan awa ɗaya take yi ta ɗauke ɗif, sai ta huce don kanta. Ni kuwa a ƙasa nake zama kamar yadda na saba tun Kano, in ɗora ta a kan matashi mai laushi, ban san ta ƙasa take shaƙar iska ba. Wato na ɗora wa tsohuwa kayan saurayi, sannan na toshe mata hanci.

"Malam, abin nan naka ƙauri yake," in ji uwarku.

"Sabo take yi."

"Ka kira Nasiru."

"Ba a kiran likita don mura."

Ana cikin haka Gwaggonku Bilki ta bugo daga Kano. An sa ranar Safiya, saura sati uku.

"Yaya, nasihar Inna fa. Yarinyar nan kullum sai ta tambaya. Ta ce ko lefe bai dame ta ba kamar wannan."

"Tana nan. Ina ɗan gyara ta ne."

"Kar ka gyara mana ita da yawa, yadda take muke so."

Ina so ku lura da wannan wurin, don a nan laifin yake, ba a firji ba. Akwai filas na ajiyar bayanai a cikin durowata. Minti biyu ya ishe ni in juye duk faifan Inna kafin kwamfutar ta ko fara ɗumi. Amma nasihar Safiya na cikin waɗanda ban kai gare su ba, kuma na tuna Nasiru ya fito a cikinta sau huɗu. Inna ta ce wa yarinyar in ta ga abin da ya fi ƙarfinta a gidan miji ta nemi Nasiru, shi ba ya faɗa, ba ya kai ƙara. Na hango falo cike da mata a Kano, an yi tsit, muryar Inna na fita daga lasifika tana miƙa amana ga auta, ni da na ɗauki maganar ba a ko ambace ni ba. Na ce sai na yanke tukuna. Aikin awa ɗaya ne, in kwamfutar za ta ba ni awa ɗaya.

Sai na koma ga ilimin gida. A Kano in kana son ruwan sanyi ba wuta, jiƙa buhu kake ka naɗe jarka ka ajiye a inuwa, iska ta ƙarasa aikin. Haka randa ke yi, haka tulu. Na tsayar da uwarku na yi mata bayanin wannan dalla-dalla, har da zane a bayan ambulan, sannan na jiƙa tawul na shimfiɗa a baranda na ɗora kwamfutar. Abin da na manta shi ne iskar Kano busasshiya ce, ƙishirwa take ji, shi ya sa take shan ruwan buhu ta bar maka sanyi. Iskar Dubai a watan Agusta kuwa a ƙoshe take da ruwan teku. Kuna tuna yadda tabarauna ke yin hazo da zarar na fito daga gini. Tawul ya yi awa biyu yana nan jagab, ɗumi kawai ya ƙara. Kwamfutar ta mutu a kwata ɗaya kamar kullum, ni kuma na dawo ciki rigata sharkaf.

Mai hankali a nan zai ɗauki waya. Ni firji na buɗe. Na fitar da tukunyar miya, na zura kwamfutar a tsakiya, tsakanin kindirmo da tumatir, na ba ta rabin awa. Ta fito da sanyi kamar ƙanƙara, ta yi mini aiki minti ashirin da biyar. Na ji kamar na ci gasar muhawara. Na yi haka ranar farko na yanke Nasiru ɗaya, rana ta biyu na yanke biyu. Uwarku na tsaye da tukunya a hannu.

"Malam, ina zan kai miyata?"

"Rabin awa ne kawai."

"Ko ita ma a ɗora mata sabuwar manhajar, ta zauna a falo?"

Rana ta uku Asabar ce. Na saka ta kafin azahar, na tafi masallaci, na tsaya gaisawa, ta yi fiye da awa a ciki. Da na dawo uwarku ta turara gida ta buɗe ƙofar baranda hayaƙi ya fita, iskar waje ta cika falon. Na fito da kwamfutar, nan take ta fara gumi kamar kwalbar lemo. Na ga gumin da idona. Na sa hannun riga na goge bayanta tas, ban tambayi kaina ba ko cikinta ma gumin yake yi. Saura Nasiru ɗaya, ina sauri. Na danna, ta tashi, na buɗe faifan, muryar Inna ta ce, "Safiya, ki saurara." Sai wani ɗan ƙara, tas, kamar an taka ƙwaro, da wari kamar na robar da ta taɓa murhu. Fuskar ta yi baƙi. Fankar da na yi sati biyu ina roƙon Allah ta yi shiru, ta yi shiru.

Washegari da tsakar rana na hau mota zuwa Al Quoz. Ban taɓa zuwa wurin aikinsa ba sai ranar, kullum ina da uzuri. Na same shi a wani ɗan ɗaki a ƙarshen siton, ma'aikata na wucewa suna gaishe shi da girmamawa. Na ajiye masa ita na ce ta mutu. Bai ce ai na faɗa ba. Ya kawo mini kujera da ruwa, ya ɗauko sukudireba ya buɗe bayanta.

"Turaren Anti ya yi aiki a nan. Dubi fankar, kamar an liƙe ta da ƙaro."

Yana dariya, sai dariyar ta tsaya. Ya ɗauki tishu ya dangwala a wani lungu, ya ɗaga ya duba.

"Yaya, ruwa ya zube mata ne?"

"A'a."

A nahawu gaskiya na faɗa, babu abin da ya zube. Ya dube ni, ya dubi tishun, ya ninke shi ya jefa a kwando. Ya ce zai cire rumbun ajiyarta ya kai wa masu ceto bayanai, in sha Allahu. Yana juya ta sai ya ga ɗan katin memorin a gefe, ya zaro.

"Wannan fa?"

"Ba komai. Tarkace ne."

Ya jefa a aljihun rigarsa don kada ya ɓata. Ba ni da hanyar karɓa ba tare da bayani ba, sai na bar shi ya tafi da shi.

Kwana tara ya yi yana yawo da rumbun. Ya kai wuri uku, duka suka ce wutar da ta haɗu da ruwa ta ratsa har ciki, babu abin da za a ceto. Rana ta goma ya bugo ya ce yana ƙasa, in sauko. Bai taɓa ƙin hawowa ba. Na shiga motar, esi na busawa, rana na dukan gilashi. Bai gaishe ni da wasa ba. Ya danna wani abu, muryar Inna ta cika motar. Nasiru ne? Nasiru ya ɗauko shi. A ajiye wa Nasiru nasa. Ki nemi Nasiru. Ɗaya bayan ɗaya, ba kai ba gindi, minti shida. Ban san sun kai haka ba. A warwatse na yanke su, ban taɓa jin su a haɗe ba. Ya bari har suka ƙare, sannan ya kashe.

"Wannan aikin ya ci maka lokaci, Yaya."

Na kau da kai ina duban titi, ya ci gaba.

"Ni fa har ta rasu aikena take yi. Nasiru kawo, Nasiru kai. Ban san kakanmu marini ne ba sai a bakinka. Kai ta zaunar wata uku."

"Me za a gaya wa Bilki?"

"Na riga na gaya mata. Na ce garin buɗewa sukudireba ta kuɓuce mini."

"Don me?"

"In aka ce Injiniya ya ɓata, dariya za a yi, wata biyu a manta. In aka ce Yaya ne, gobe in rigima ta tashi a gida wa za a kai wa?"

Ya zaro katin ya miƙo mini. Ya ce shi bai riƙe kwafi ba, nawa ne.

Da labari ne irin wanda nake ba ɗalibai, a nan zan rungume shi in nemi gafara. Abin da na ji a motar nan iri biyu ne, kuma zan faɗa muku duka. Na farko sanyi, kamar an sauke mini buhu daga ka. Na biyu haushi. Ya fi ni hannu, ya fi ni mota, ya fi ni shiga bakin Inna, yanzu kuma ga shi ya fi ni hali, a cikin motarsa, ba shiri. Na ce masa Allah ya saka, irin yadda ake ce wa wanda ya riƙe maka ƙofar lif, na fita.

Lissafinsa na wata biyu bai yi daidai ba. Gwaggonku Bilki ba ta yi dariya ba. Har aka gama bikin ba ta dubi inda yake ba, kuma ta fi shekara ba ta ɗaga wayarsa. Sai daga baya ne maganar ta lafa ta koma tsokanar da kuka gada. Ni kuwa na zauna na rubuta nasihar Inna daga abin da na tuna, na tashi a gaban mata na karanta wa Safiya da muryata. Aka yi kuka, aka ce Allah ya bar mana Yaya, da ba don shi ba da shi ke nan. Ko a takardar ban sa sunan Nasiru ba. Waƙoƙin dakan kuwa na tuna baiti biyu da rabi. Jerin kakanni na tsaya a na uku. Mutumin Sudan har yau ban tuna sunansa ba, kuma babu sauran wanda za a tambaya.

Uwarku ta sani, tunda firjinta ne. Sau ɗaya ta yi maganar, muna cikin jirgin dawowa daga bikin.

"Malam, ranar da ka shirya faɗa, ni shaida ce. Kafin nan ba zan riga ka ba."

Ta cika alkawari shekara goma, kuma ban taɓa buɗe firji a gabanta ban ji idonta a ƙeyata ba.

Satin da ya wuce na kira Gwaggonku na gaya mata. Da na gama, sai ta ce in ba ta lambar Nasiru ta Dubai, wai kamar ba ta da ita. Shi kuma da na ce masa zan rubuta, cewa ya yi in bar kaza cikin gashinta, ya saba da sunan. Ban bari ba. Daga yau kada in sake jin gangar Auzinawa a bakinku, ki gaya wa mijinki, Fa'iza.

Katin yana cikin ambulan ɗin da na liƙa a bayan littafin nan. Wannan karon na juye shi a wuri uku, Baffanku ne ya yi mini. Shi ke nan abin da ya rage na muryar kakarku a duniya, minti shida, kuma sunan da za ku yi ta ji ba nawa ba ne. Ku saurara har ƙarshe. A guntun ƙarshe hannuna ya yi gaggawa, na yanko fiye da yadda na yi niyya. Za ku ji ƙarar lif, sannan ta ce:

"Nasiru ne? Kai, tashi ka buɗe wa ɗan'uwanka ƙofa."

Wannan "kai" ɗin ni ne. Bayansa za ku ji shiru kafin a ji takun silifas. Shirun ma nawa ne. Na auna shi, daƙiƙa tara ne a faifan. A waje ya kai shekara goma.